Gadon Nortel: Wa Ke Cin Gadon Fasaha Idan Kamfani Ya Mutu?

A ranar Litinin 27 ga Yuni, 2011, wakilan wasu manyan kamfanonin fasaha na duniya suka hallara a ofishin wasu lauyoyi a birnin New York domin wani gwanjo. Ba gida aka kasa ba, ba mota ba, ba kuma injin da za a ɗaga a nuna wa masu saye ba. Takardu ne kimanin 6,000, mallakar Nortel, wani kamfanin sadarwa na ƙasar Kanada da ya karye shekara biyu da rabi kafin wannan rana. Kwana huɗu aka yi ana tayi. Da aka sallama, kuɗin ya tsaya a kan dala biliyan 4.5, fiye da abin da aka samu daga sayar da dukkan sassan kasuwancin kamfanin in an haɗa su wuri guda.

Wannan ciniki ya shafe mu, domin dabarun da ke cikin takardun nan suna cikin wayar da muke karanta wannan rubutu da ita. Ya kuma bar mana tambayar da mu masu rubuta manhaja ba mu cika yi wa kanmu ba sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada: in kamfani ya mutu, ina tunanin mutanen da suka yi masa aiki yake tafiya?

Dukiyar da ba a taɓawa

Kamfanin fasaha yana da dukiya iri biyu. Akwai ta zahiri, irin su gini da kwamfutoci da kayan da ke sito. Akwai kuma wadda doka ce kawai take riƙe da ita, wato haƙƙin mallakar fasaha. A ciki akwai takardar mallakar ƙirƙira, wadda gwamnati ke ba wanda ya ƙago wata sabuwar dabara, ta ce har tsawon shekara 20 babu mai aiki da dabarar sai da izininsa. Akwai haƙƙin mallakar rubutu, wanda ya haɗa da rubutun manhaja. Akwai suna da tambarin kasuwanci, akwai kuma sirrin sana'a.

Mun san ƙa'idar gado: sai an biya wa mamaci bashi kafin magada su ɗauki ko allura. Haka abin yake ga kamfani. Idan ya kasa biyan bashi, kotu kan sa a tattara duk abin da ya mallaka a sayar, a biya masu binsa bashi bisa jeri, masu jingina a gaba, masu hannun jari a can ƙarshe. Haƙƙin fasaha yana cikin abin da ake tattarawa. Injiniyan da ya kwana yana lissafi, sunansa na nan a kan takardar a matsayin wanda ya ƙirƙira, amma tun ranar da ya sa hannu a kan takardar ɗaukar aiki ya miƙa wa kamfani mallakarta. A ranar rabo ba shi da ta cewa.

Tashin Nortel da faɗuwarsa

Asalin Nortel wani sashe ne na kamfanin tarho na Bell a Kanada, wanda aka ware a 1895 a birnin Montreal da sunan Northern Electric, yana ƙera kayan tarho. A 1971 aka kafa cibiyar bincike ta Bell-Northern Research a Ottawa, kuma daga nan ne aka fito da na'urorin haɗa kira na dijital samfurin DMS, a lokacin da yawancin kamfanonin tarho ke amfani da tsofaffin na'urori. Wannan ya buɗe masa kasuwar Amurka. Da intanet ta fara bunƙasa a shekarun 1990, Nortel ya zama jagora wajen kayan aika bayanai ta zaren gilashi.

A shekarar 2000 yana da ma'aikata sama da 90,000, kuma shi kaɗai ya haura kashi ɗaya cikin uku na darajar manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Toronto. Sai kasuwar intanet ta fashe. Darajarsa ta faɗo daga kusan dalar Kanada biliyan 398 a watan Satumba na 2000 zuwa ƙasa da biliyan 5 a watan Agusta na 2002. Aka sallami dubban ma'aikata. A 2004 rikicin lissafin kuɗi ya taso har aka kori shugaban kamfanin, Frank Dunn, wanda daga baya kotu ta wanke shi daga tuhumar zamba a 2013. Kamfanin bai sake miƙewa ba. Ranar 14 ga Janairu, 2009, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Kanada da Amurka da Birtaniya.

Da farko an yi zaton za a gyara shi ya ci gaba. Kafin tsakiyar shekarar aka haƙura, aka shiga fiɗa. Ericsson ya sayi sashen sadarwar salula a kan dala biliyan 1.13, Avaya ya ɗauki sashen tarho na ofisoshi a kan kimanin miliyan 900, Ciena ya ɗauki na zaren gilashi. Gwamnatin Kanada ta sayi harabar binciken da ke Ottawa domin ma'aikatar tsaro. Har adireshin intanet aka sayar: a watan Maris na 2011 Microsoft ya biya dala miliyan 7.5 don lambobin adireshi 666,624, irin waɗanda kowace na'ura ke buƙata kafin ta hau intanet, waɗanda a da kyauta ake rabawa. Bayan duk wannan sai ya rage takardun ƙirƙira, masu ɗauke da dabarun 4G da Wi-Fi da zaren gilashi da sarrafa murya da sauransu.

Kwana huɗu a New York

Don mu gane dalilin tsadar, sai mu tuna yadda kasuwar waya take a 2011. iPhone yana da shekara huɗu, Android na Google yana ta mamaye kasuwa, kuma kamfanoni sun duƙufa maka juna a kotu. A wannan fage takardar ƙirƙira makami ce. Wanda ya tara da yawa, in aka kai shi ƙara sai shi ma ya zaro tasa ya rama, a ƙarshe a yi sulhu. Google yaro ne a cikinsu, rumbunsa kusan babu komai.

Saboda haka shi ya fara tayi a watan Afrilu, dala miliyan 900. Da aka zauna gwanjo ɓangarori biyar ne: Google, Apple, Intel, wata tawaga ƙarƙashin kamfanin RPX, da kuma wata mai suna Rockstar wadda ta haɗa Microsoft, Ericsson, Sony, EMC da RIM mai wayar BlackBerry. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa wakilan Google sun riƙa yin tayi da wasu lambobi masu ɗaure kai. Sun ce dala 1,902,160,540, suka ce 2,614,972,128, waɗanda duk sanannun lambobi ne a ilimin lissafi. Da ciniki ya haura biliyan 3 sai suka taya biliyan 3.14159, lambar da kowane ɗan makaranta ya haddace don auna da'ira. Wasa ne ko dabarar rikita abokan hamayya, bai hana komai ba. Da kuɗi ya yi nauyi, Intel ya koma bayan Google, Apple ya haɗe da Rockstar. A kan biliyan 4.5 Google ya janye. Apple kaɗai ya zuba biliyan 2.6 a cikin kuɗin.

Bayan makonni shida Google ya sanar da sayen Motorola Mobility a kan dala biliyan 12.5, kamfani mai takardun ƙirƙira kimanin 17,000. A 2014 ya sayar wa Lenovo kamfanin a kan biliyan 2.91, amma ya riƙe mafi yawan takardun. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da ya je nema.

Daga garkuwa zuwa takobi

Lokacin da Nortel ke raye bai cika kai kowa ƙara a kan waɗannan takardu ba. Yana ƙera kaya, don haka shi ma yana tsoron a rama. Rockstar kuwa ba ya ƙera komai. Masu shi suka raba wani kaso a tsakaninsu, suka bar masa kimanin 4,000, ya ɗauki wasu tsofaffin injiniyoyin Nortel a Ottawa, aikinsu su warware wayoyi da na'urorin wasu kamfanoni su gano inda aka taka haƙƙi. Mutanen da suka saba ginawa suka koma masu binciken laifi.

Ranar 31 ga Oktoba, 2013, Rockstar ya shigar da ƙara a wata kotun tarayya a jihar Texas a kan Google, Samsung, HTC, LG, Huawei, ZTE da wasu, duk masu alaƙa da Android. Ba a kai ga hukunci ba. Aka yi sulhu a ƙarshen 2014, kuma a watan Disamba aka sanar da sayar wa RPX takardun nan 4,000 a kan dala miliyan 900, shi kuma ya ba kamfanoni sama da 30 lasisin amfani da su. Takarda ɗaya, dabara ɗaya, amma halinta ya sauya da zarar ta sauya hannu. Kotun da ke sayar da kayan kamfanin da ya karye aikinta ta samo wa masu bin bashi kuɗi mafi tsoka. Abin da mai saye zai yi da kayan ba ya cikin lissafinta sosai.

Masu haya a gidan mamaci

Akwai wasu mutanen da mutuwar kamfani ke girgizawa ko da ba sa binsa ko sisi: waɗanda suka karɓi lasisi suna aiki da fasaharsa. Su kamar 'yan haya ne, mai gida ya rasu, magada sun sa gidan a kasuwa. Ana shirin gwanjon Nortel, Microsoft ya garzaya kotu ya ce yana da lasisin amfani da takardun tun wata yarjejeniya ta 2006, kuma duk wanda ya saya dole ya saya da wannan nauyi a kai. Wasu kamfanonin ma sun shigar da irin wannan ƙorafi.

Tsoron nasu yana da asali. A 1982 wani ƙaramin kamfani a jihar Virginia, Richmond Metal Finishers, ya ba kamfanin Lubrizol lasisin amfani da wata dabarar shafa wa ƙarfe kariya. Shekara guda bayan haka Richmond ya karye, ya nemi kotu ta ba shi damar yin watsi da yarjejeniyar don ya sake sayar da dabarar da tsada. A 1985 kotun ɗaukaka ƙara ta amince. Lubrizol ya rasa damar amfani da fasahar, aka ce ya shiga layin masu bin bashi ya nemi diyya. Hankalin masana'antu ya tashi, musamman na kwamfuta: wa zai gina kasuwancinsa a kan manhajar ƙaramin kamfani in ana iya ƙwace ta ranar da kamfanin ya faɗi?

A 1988 majalisar dokokin Amurka ta ƙara sashe na 365(n) a cikin dokar karyewar kamfanoni. Sashen ya ba mai lasisi zaɓi: ko ya haƙura ya nemi diyya, ko ya ci gaba da amfani da fasahar muddin zai ci gaba da biyan kuɗin da aka yi alkawari. Sai dai ba zai tilasta wa mataccen kamfani ya gyara masa manhaja ko ya sabunta ta ba. Shi ya sa masu sayen manhaja masu lura kan sa a ajiye asalin rubutunta a hannun wani amintacce, da sharaɗin a miƙa musu in mai ita ya durƙushe. Dokar ba ta ambaci tambarin kasuwanci ba, sai a 2019 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Mission Product da Tempnology, ta yanke cewa watsi da yarjejeniya saɓa alkawari ne kawai, ba ya soke izinin da aka riga aka bayar. Shekara 34 ke nan kafin a gama toshe ramin da shari'ar Lubrizol ta haƙa.

Rikicin magada

Da aka gama sayar da komai na Nortel, an tara kimanin dala biliyan 7.3 a wani asusu a New York. Nan ne babban rikicin ya fara. Nortel a idon duniya kamfani ɗaya ne, amma a takarda kamfanoni ne sama da 100 a ƙasashe daban-daban, kowanne da masu binsa bashi. Injiniya a Ottawa da na Texas da na Harlow a Ingila kan yi aiki a kan dabara guda. To, kuɗin na wa ne?

Akwai wata yarjejeniya ta cikin gida da aka rubuta a 2004, wadda ta ce uwar kamfanin a Kanada ce ke riƙe da mallakar dukkan fasaha, rassan Amurka da Birtaniya da Faransa da Ireland kuma suna da lasisi a yankunansu. An rubuta ta ne don gamsar da hukumomin haraji. Ba ta faɗi yadda za a yi rabo ba in kowa ya faɗi lokaci guda. Sai ɓangaren Kanada ya ce sunansa ne a takarda, don haka kaso mafi tsoka nasa ne. Na Amurka ya ce a kasuwarsa aka fi samun kuɗi. Na Turai ya ce a auna gudummawar da kowa ya bayar wajen bincike. An zauna sulhu sau da dama ana tashi baram-baram.

A watan Mayu na 2014 aka yi abin da ba a saba gani ba: kotu biyu a ƙasashe biyu suka saurari shari'a ɗaya a lokaci ɗaya ta hanyar bidiyo, alƙali Frank Newbould a Toronto, alƙali Kevin Gross a Wilmington ta jihar Delaware. Ranar 12 ga Mayu, 2015, kowannensu ya fitar da hukuncinsa, suka kuma dace: tun da fasahar aikin gayya ce da ba a iya tsaga ta, a raba kuɗin gwargwadon bashin da ake bin kowane ɓangare. Aka ɗaukaka ƙara. Sai a watan Oktoba na 2016 aka cim ma matsaya, Kanada ta samu kimanin kashi 57 cikin 100, Amurka kimanin 24, sauran na Turai. Kuɗi bai fara fita sosai ba sai 2017, shekara takwas bayan karyewar.

A cikin waɗannan shekaru, kuɗin lauyoyi da akantoci da masu ba da shawara ya doshi dala biliyan 2. A ɗaya gefen, an zaftare fanshon dubban tsofaffin ma'aikata a Kanada. Ɗaruruwan ma'aikatan da rashin lafiya ta kwantar sun rasa tallafinsu a ƙarshen 2010, domin kamfanin bai yi musu inshora a waje ba, da aljihunsa ya dogara. Wasu tsofaffin sun rasu suna jira. A cikinsu akwai waɗanda sunayensu ke kan takardun da aka yi wa tayin biliyoyi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wata hanyar daban

Ba kowane gadon fasaha ne ke ƙarewa haka ba. A ƙasar Holan, Ton Roosendaal ya rubuta wata manhajar zanen hotuna masu motsi mai suna Blender, ya kafa kamfanin NaN a 1998 don ya kai ta kasuwa. A farkon 2002 kamfanin ya karye, manhajar ta maƙale a hannun masu zuba jari, waɗanda ba su da niyyar ci gaba da ita. Roosendaal ya kafa gidauniya, ya daidaita da su cewa in aka biya yuro 100,000 za su saki asalin rubutun. Masu amfani da manhajar suka yi karo-karo, cikin mako bakwai kuɗi ya cika. Ranar 13 ga Oktoba, 2002, aka saki Blender ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da gyarawa da rabawa, kuma babu mai iya janye shi daga abin da aka riga aka saki. Da Blender aka haɗa fim ɗin Flow na ƙasar Latviya, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2025.

Kada mu ɗauka wannan magani ne ga kowa. An saki Blender da araha ne saboda masu ita ba su hango riba a cikinta ba. Da akwai mai tayin biliyan, da karo-karo bai isa ba. Haka kuma ba kowane gwanjo ke zama na Nortel ba. Kodak, da ya karye a 2012, an yi masa ƙiyasin takardunsa 1,100 na hoton dijital za su iya kai dala biliyan 2.6. Wannan karon masu sayen sun koyi darasi, Apple da Google da Microsoft da Samsung da sauransu suka haɗa kai maimakon su yi takara, aka sallama a kan kimanin miliyan 525.

Abin da ya rage mana

A dukkan waɗannan labarai, abin da ya yanke hukunci shi ne abin da aka rubuta, ko aka manta ba a rubuta ba, tun kamfani yana da lafiya. Lubrizol bai samu dokar da za ta kare shi ba. Microsoft ya rubuta tasa tun 2006, ta yi masa rana. Nortel ya rubuta yarjejeniya don haraji, bai rubuta wasiyya ba, rashinta ya ci shekara takwas da kuɗi mai yawa.

Mu ma da muke haɗa ƙananan kamfanoni da abokai, ko muke rubuta wa wani manhaja a kan kwangila, ko muka ɗora shagonmu da makarantarmu a kan manhajar wani, tambayoyin nan suna jiranmu. Wa ya mallaki rubutun, mu ko kamfani? In mai manhajar ya rufe gobe, muna da kwafin bayananmu? Akwai inda aka ajiye asalin rubutun? Lokacin da ake raha ake yin wannan magana, domin ranar rabo masu bin bashi ne ke gaba.

Su kuwa takardun Nortel, wa'adinsu na shekara 20 yana ta cika ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta cika, dabarar da ke cikinta ta zama ta kowa, babu lasisi babu ƙara. Mafi yawan injiniyoyin da suka ƙirƙire su ba mu san sunayensu ba, amma muna amfani da aikinsu duk lokacin da wayarmu ta kama sabis.